Kusurwar da ake sharewa a gidan Ƙofar Na'isa

Shekarun baya, lokacin da nake fafutukar neman lasisin dillancin gidaje da gwanjo, wani abu ya same ni wanda har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

A lokacin na haɗa kusan duk abin da hukuma take nema. Takardar makaranta tana hannu, 'yan sanda sun ba ni shaidar cewa ko akuya ban taɓa sata ba, dattawa biyu sun tsaya mini. Abu ɗaya ya rage: sai ka yi zaman koyon aiki a ƙarƙashin mai lasisi, ka kammala ciniki da kanka, shi kuma ya sa hannu cewa ba ka ɓoye wa mai saye wani aibi ba. In wa'adi ya wuce ba ka kawo ba, sai baɗi. Ni kuwa da rawar kaina har na buga katin dillanci na raba wa 'yan unguwarmu.

Maigidana, wanda nake koyon aikin a wurinsa, ya ba ni wani gidan gado a lungunan Ƙofar Na'isa. Tsohon ginin ƙasa ne, magadan duk sun watse, an daɗe da rufe shi. Ya miƙo mini mukulli ya ce, "Shi kenan guda ɗaya, kada ka yar."

Ranar Talata da hantsi na buɗe. Zaure duk yana da kashin jemage, tsakar gida busasshen ganye har idon sawu. Amma can ƙarshen gidan, a wata kusurwa jikin katanga, sai na ga wuri kamar faɗin sallaya an share shi tas. Ga zanen tsintsiya a ƙasa, an yayyafa ruwa, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana tashi. Na waiga baya, babu sawun kowa daga zaure sai nawa. Na ce wa kaina ai iska ce, duk da ban taɓa jin iskar da take yayyafa ruwa ba.

Washegari na koma da wani malamin makaranta mai son gidan. Kafin in fita ranar Talatar da gangan na watsa ganye a wurin. Muka tarar an sake sharewa. Malamin ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Wa yake kwana a nan?" Na ce babu kowa. Tun daga ranar bai sake ɗaukar wayata ba.

Daga nan Allah Ya kawo wani Alhaji ɗan kasuwa, wanda rushewa zai yi ya zuba shaguna. Shi ko kallon kusurwar bai yi ba. Muka daidaita, ya rage a kira magada a sa hannu, wa'adina kuma ya matso. Na fara jin ƙanshin lasisi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je in ƙarasa awon gidan. Lungun tsit, kowa ya shige cin abinci. Ina sa ƙafa a soro na biyu na ji sautin tsintsiya, shar, shar, a hankali ba gaggawa. Duk addu'ar da na iya ta gudu, sai ta cin abinci ce ta zo bakina.

Da na leƙa, wata tsohuwa ce ƙanƙanuwa a duƙe, da buta a gefenta. A bayanta an janye wani tsohon langa-langa, ga 'yar ƙofa irin wadda mata suke bi tsakanin gida da gida. Maƙwabciya ce. Na sauke ajiyar zuciya har da 'yar dariya, na durƙusa na gaishe ta.

Na ce, "Iya, ashe ke ce kike tsorata ni. Me ake sharewa a nan?"

Ta ce, "Ɗana ne. A gidan nan na yi auren fari. Bai kai suna ba ya koma, aka sa shi a nan, don a da jarirai ba a kai su waje. Waɗanda suka sani duk sun mutu." Ta ɗago ta dube ni. "Ɗan nan, an ce shaguna za a yi. Siminti za a zuba masa?"

Don in kauce sai na ce, "Amma kina ƙoƙari, kullum sai kin zo."

Ta ce, "Kullum? Ina na ga ƙafar? Juma'a kaɗai nake iya zuwa."

Na ce, "To Talata da Laraba fa?"

Ta ci gaba da shararta. "Ni ma a share nake tarar da shi. Ina dai ƙarawa ne."

Ban san yadda na kai bakin titi ba.

Ranar na kasa cin abinci. In na yi shiru babu mai sani, lasisina ya fito. In na faɗa, aibi ne, ciniki ya watse. Da safe na je na gaya wa Alhajin. Kada ku ɗauka tsantsar tsoron Allah ne, tsoron mai sharar ma yana ciki. Ya ce, "Ni in kasa kaya a kan ɗan mutane? Allah Ya kiyaye." Ya fasa. Magada suka yi ta kirana suna masifa, maigidana kuma ya ce gaskiya na yi, amma ba zai sa hannu a cinikin da ba a yi ba. Haka na ƙara shekara ina ɗaukar masa jaka, 'yan unguwa suna kirana dillalin kati.

Daga baya an sayar da gidan bayan magada sun yarda a kewaye kusurwar da bulo. Ban taɓa komawa na leƙa ba.

Yanzu lasisina yana rataye a ofis, kuma na gane ba tsagewar bango kaɗai ake nufi da aibi ba. Duk tsohon gidan da aka kawo mini a cikin birni, kafin in tambayi takardu sai na nemi tsofaffin lungun na ce, akwai wanda yake kwance a ciki? Kuma ko gidan ya shekara nawa a rufe, sai na tsaya a zaure na yi sallama. Ina ɗan jira kafin in shiga, ina roƙon Allah kada a amsa.