Sumoli Mai Waina

Duk wanda ya san bakin tashar Azare a shekarun dubu biyu da 'yan kai ya san Sumoli mai waina. Sunanta na yanka Hadijatu, amma sai ka yi yawo kafin ka sami wanda ya san haka. Mace ce doguwa kakkaura, in ta zauna gaban tanda sai ta tare rabin rumfa. Sunan Sumoli kuwa Turancin buroka ne, ma'anarsa ɗan mitsitsin abu. Direbobin Kudu in sun ji, sai su dube ta sama da ƙasa su kwashe da dariya. Shi ya sa ta tsani sunan. Ko ka kira har muryarka ta dishe ba ta amsawa, sai dai ta miƙo maka wainarka fuska a murtuke. A zatonta wani sarkin tsokana ne ya liƙa mata tun tana yarinya a Disina.

Ana nan, wata damina, bayan dogon jira ta sami haihuwar fari, mace, bakwaini. Yarinyar ko kukan kirki ba ta iyawa. A asibitin da aka kai su akwai kwalbar saka jarirai, amma ta daɗe da lalacewa, sai aka sallamo su gida.

Mijinta Yakubu, mai gyaran keke, ya ce a dakata da sayen rago tukuna. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Matan gida suka naɗe jaririyar cikin auduga suka kwantar. Masu barka su leƙa, su fita ba su ce uffan ba, Hadijatu kuwa ta san abin da shirun yake nufi. Jikin yarinyar sai ƙara sanyi yake yi.

Goggo, ƙanwar mahaifin Hadijatu, ta iso daga Disina. Ta taɓa ƙafar jaririyar, ta dubi Hadijatu.

"Ke ma haka kika zo," in ji ta. "Ubanki ko huɗuba ya kasa yi miki. Wata nas ce Kirista, Roseline, 'yar Bogoro, ta zare ki daga auduga, ta manna ki tsirara a ƙirjin uwarki, ta ɗaure da zane. In uwarki ta gaji, ita ke karɓa ta cusa ki cikin rigarta. Ba ki da suna, sai take ce miki Sumoli. Shi kika fara samu a duniya."

"Goggo, tana ina yanzu?"

"An canza mata wurin aiki tun kina rarrafe. Ba mu ƙara jin ɗuriyarta ba."

Hadijatu ta warware audugar nan, ta ɗora 'yarta a ƙirji, ta tamke zane. Matan gida suka yi ca a kanta. Wa ya taɓa ganin goyo a gaba? Da wannan jikin, ai danne ta za ta yi! Hadijatu ta ƙara tamke zanen. A zaune take barci, a zaune take cin abinci. In lokacin wankan jego ya yi, Goggo ta karɓa ta cusa cikin rigarta har ta fito. Sannu a hankali ƙafafun suka yi ɗumi, wata rana da hantsi kuma yarinyar ta kama mama da kanta.

Sai da suka kusa arba'in Yakubu ya jawo rago gida, yana sunkuyar da kai. Aka raɗa wa yarinya Mas'uda.

Ran da Hadijatu ta koma tasha, goyon ya koma baya kamar na kowa. Tana cikin juya waina, wani direba ya leƙo ta tagar mota ya ƙwala kira, "Sumoli!" Ya riga ya fara dariya.

Ta ɗago kai ta ce, "Na'am."