Ƙafar Hagun Baba

Shekara talatin da ɗaya Baba yana raba wasiƙu a kan keke kafin ciwon sukari ya tafi da idanunsa. Taurin kan kuwa ya bar masa shi cif. Wata shida yana zaune a falo yana faɗa da rediyo, sai Baffa, ƙanensa mai gyaran kekuna, ya haɗa mana keke mai sirdi biyu: ni a gaba, Baba a baya, sarƙa ɗaya ta haɗa fedojinmu.

Fitarmu ta farko muka sha ƙasa. Ni da ƙafar dama nake dira in an tsaya, shi kuwa tun yana saurayi da hagu. Kowa ya ja keken ɓangarensa, sai ga mu a kwalta, ɗinki huɗu a goshinsa. Umma ta rantse in ya ƙara faɗuwa keken ya bar gidan, kuma Umma ba ta kaffara.

Baffa ya sa masa feda mai kama takalmi, wadda ba ta saki sai an murɗa dunduniya.

"Yaya, in an tsaya kar ka cire. 'Yarka ce za ta riƙe ku."

"Ɗaure ni za ku yi kamar akuya?"

"Baba, ai ko akuya tana jin magana," na ce. Tsiwa ce a baki, amma cikina tsoro ne fal.

Ran Asabar da hantsi, a gangaren asibiti, wata tirela ta matse mu ba ko hon. Na damƙe birki, na dira dama, nauyin Baba duk a cinyata. Tayoyinta na wucewa ta hagunmu, bai fi taƙi ɗaya ba. In ya sauke hagu, ƙarƙashinta zai ja mu. Ta sarƙa na ji ƙafarsa ta motsa.

"Baba, kar ka sauke! Ina riƙe da kai!"

Ƙafar ta tsaya. Ba ta fita daga feda ba.

Da titi ya yi shiru ya ce, "Uwata, mene ne ya wuce?"

"Babur ne."

"Ƙaryarki. Na ji hucin tayarsa a ƙwaurina."

Hawaye suka zubo min. Ya lalubo bayana ya dafa.

"Shekara talatin da ɗaya ban taɓa bari wani ya riƙe min keke ba. Tuƙa mu je. Ummanki kuma ba sai ta ji ba."