Yaya Haruna, Mai Bin Bayan Ayari

Shekara takwas ke nan da muka kai yayana Haruna makwancinsa a maƙabartar Baƙi'a. A kakar bana ta cika, lokacin da zafin Madina ke karyewa, an gama sauke dabino, mutum na iya fita da la'asar ba tare da ya dawo a jiƙe ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ɗauki biro in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye. Dalilin kuwa na san shi sarai: akwai wani abu nasa da na riƙe ba bisa haƙƙi ba, kuma ban ga da wace fuska zan yabe shi a jarida alhali abin yana ƙofar gidana ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Yaya makaniki ne. Yana da warsha, wato gareji, a wani lungu bayan titin Sultana, kuma ya girme ni da shekara tara. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Kano don aikin Hajji, suka zauna, mu kuma a unguwar Ƙurban ta nan Madina aka haife mu. Ni da shi muna cikin wata ƙungiya ta masu son tsofaffin motoci, akwai Larabawa, akwai Hausawa, akwai Barebari, yawancinmu furfura ta riga ta kama mu. Sau ɗaya a shekara, da kaka, mukan jera motocin nan, waɗanda duk sun girmi 'ya'yanmu, mu kama hanyar Badar a hankali. Mukan sauka a wani kwari mai itatuwan ƙaya, mu kafa tantuna, a dafa shinkafa da nama, mu kwana ɗaya, gari ya waye mu juyo gida.

A duk shekarun da muka yi muna wannan tafiya, Yaya bai taɓa shiga tsakiyar jeri ba, balle gaba. Motarsa ce ta ƙarshe, wata doguwa koriya ƙirar shekarun saba'in, mai kujerar gaba a haɗe kamar benci. But ɗinta cike yake da sifanu, da fambel iri-iri, da tiyo, da jarkokin ruwa, da igiya. Dokarsa ɗaya ce, ba ya wuce kowa. Duk motar da ta tsaya sai ya tsaya a bayanta, ko da mai ita kama ruwa kawai ya sauka yi. Ya ce daga kakarmu ya samo wannan. Ta ba shi labarin cewa a ayarinsu na tahowa kullum akan zaɓi mutum ɗaya mai ƙarfi ya riƙa tafiya a can baya, don kada wani ya gaji ya zauna a gindin itace a wuce ba a sani ba.

Ni kuwa mutum ne mai gaggawa, har yau ban warke ba. Gaba nake so, in riga kowa isa, in zaɓi inuwa mai kyau. A tafiyarsa ta ƙarshe ya iso bayanmu da kusan awa biyu, saboda fambel ɗin wani ya tsinke a kan tudu. Na tare shi tun bai rufe ƙofar mota ba, na ce, "Haba Yaya! Shinkafa ta huce, kai kullum sai ka sa mutane jira."

Ya tsuguna yana wanke hannu, ya yi dariyar nan tasa ta ƙasa-ƙasa, ya ce, "Isiyaku, je ka ci abinka. Ni dai na ƙirga, mun cika."

Sati uku bayan wannan ya faɗi a warsha, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na yi ta juya maganar shinkafar nan a raina tsawon shekaru, wallahi tana ƙona ni.

Da aka raba gado, koriyar motar ta faɗa a rabon 'yarsa Maimuna, ita kaɗai Allah ya ba shi. A lokacin tana karatu, kuma mata ba su sami izinin tuƙi a ƙasar nan ba tukuna. Sai na ce a bar motar a wurina in kula da ita. Na kawo ta ƙofar gida, na lulluɓe da tamfol, na ɗaure da igiya. To a nan na yi kuskuren da bai kamata ɗan ƙungiyarmu ya yi ba. Kowa a cikinmu ya san tsohuwar mota ba ta son zama. Dole duk mako a tashe ta, a zaga da ita unguwa, mai ya ratsa injin, tayoyi su juya. Ni da bakina na sha yi wa sababbin shiga wannan wa'azin. Amma tawa hikimar ta ƙare a gaban motar Yaya. Sau ɗaya na buɗe ƙofarta, ƙamshin turarensa haɗe da na baƙin mai ya buge ni, ga carbinsa a rataye a madubi, na mayar na rufe. Ban sake ɗaga tamfol ɗin ba, ina ce wa kaina girmamawa ce.

Nakan tambayi kaina me zai ce da a ce ya leƙo ya ga yau. Warshar tasa yanzu shagon sayar da wayoyi ce. Motocin zamani sai an jona musu na'ura kafin a san ciwonsu, shi kuwa kunne yake karawa a jikin inji ya faɗa maka fulogi na nawa ne ya mutu. A ƙungiyarmu ma abin ya sauya. Tun da ya rasu ba wanda ya ɗauki bayan ayari. Muka koma ɗaukar hayar motar janwe, idan taka ta lalace ka tura wa direbanta wurin da kake ta waya, ka zauna a bakin titi kai kaɗai har ya zo, sauran kuwa sun wuce. Ba zan ce tsarin ba ya aiki ba, yana aiki. Ina jin dai Yaya zai saurara har ƙarshe, ya sosa gemu, ya tambaya wa ke zama da mutumin kafin janwen ta iso.

Akwai kuma abin da ban san me zai ce a kai ba, kuma da shi na yi ta fakewa. Maimuna ta gama karatu, ta kama aiki a wani asibiti, ta yi lasin, tana kai kanta aiki da motarta. Sau biyu ta tambaye ni makullin motar mahaifinta, sau biyu na ce sai an duba ta tukuna. A raina ina cewa wa ya sani ko Yaya zai yarda. Gaskiyar magana ba Yaya ba ne bai yarda ba, ni ne. Ji nake idan motar ta bar ƙofar gidana, ranar zan rasa shi da gaske.

Bayan Babbar Sallar bana Maimuna ta zo da la'asar. Muka gaisa, ta sha shayi, sannan ta fita. Na bi ta na tarar ta kwance igiyar ta yaye tamfol. Innalillahi! Tayoyi huɗu sun zauna sun tsattsage, ɓeraye sun yi gida a kujerar baya sun cinye wayoyin wuta, fetur ɗin tanki ya daskare ya zama ƙaro.

Ta ce, "Baffa, ba sayar da ita zan yi ba, wallahi. Amma in ta ƙara shekara a nan, ko masu gwangwan ba za su ɗauka ba. Halas, ya isa haka."

Kunya ta rufe ni. Shekara takwas ina kashe motar yayana da hannuna.

Wata uku muka yi a kanta. Ita ke nemo kayan gyara ta waya daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba, ni ina kwance a ƙarƙashi ina faɗa da notuna da gwiwoyina. Ranar da motar ta tashi ta yi tari, ta cika layi da hayaƙi, maƙwabta suka fito suna mana barka. Duk da haka makullin na aljihuna. Da tafiyar kaka ta matso na ce wa Maimuna ni zan tuƙa, ita ta zauna a gefe, tunda yanzu ana zuwa da iyali, mata da tantinsu daban. Ta ce a'a, ita za ta tuƙa, kuma a baya. Har ta riga ta yi magana da Abu Nasir, shugaban ƙungiyarmu, wani dattijon Balarabe abokin mahaifinta, ya amince. Na yi ta ƙunƙuni, amma na shiga na zauna.

Jama'a, ashe bayan ayari wahala ce. Kana ganin hanya fetal amma ba damar takawa, sai dai ka bi saurin wanda ya fi kowa nawa. Muna cikin duwatsu, rana ta yi ƙasa, sai ga motar Abu Nasir a gefen titi, bonet a buɗe, tururi na tashi. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Janwe na nan tafe, mu je kada magariba ta same mu a hanya."

Maimuna ta sa sigina ta gangara bayansa ta kashe inji. Ta ce, "Ni ban iya gyara ba, Baffa. Amma ba zan wuce shi ba."

Ba wanda ya koya mata wannan a tafiyar, ba ta taɓa zuwa ba ma sai ranar. A gida ta ji, a bakin uban, ta riƙe. Sai na sauka na buɗe but. Tiyon lagireto ne ya fashe, kuma akwai irinsa cikin kayan Yaya, a naɗe cikin tsumma, sai dai ya bushe ya yi tauri. Na yanke wurin da ya fashe a jikin na Abu Nasir, na ja na ɗaure, muka jira injin ya huce muka zuba ruwa. Abu Nasir na tsaye yana kallon koriyar motar, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. A bakin titin muka yi magariba, muka isa kwarin an riga an ci abinci. Na ci shinkafata da sanyinta, na tuna abin da na faɗa wa yayana, na roƙi Allah ya yafe mini.

Yanzu idan na auna abin da ya rage na Yaya Haruna, ba shi da yawa a ido. Bai bar gidaje ba, ba a sa wa kowane layi sunansa ba, waɗanda ya gyara wa mota kyauta a kan hanya da yawansu ba su ma san ya rasu ba. Na ɗauka abin da ya rage ƙarfe ne, shi ya sa na lulluɓe shi na hana kowa taɓawa. Ashe halinsa na nan yana yawo a jikin 'yarsa, ni ne na tsare masa hanya.

Washegari da muka dawo Ƙurban Maimuna ta tsaya a ƙofar gidana, daidai inda motar ta yi shekara takwas. Ta kashe inji, ta zare makulli ta miƙo mini da hannu biyu. Na mayar da hannuwana baya.

Na ce, "Ba nawa ba ne, Maimuna. Tun ranar farko ba nawa ba ne. Ki yafe wa Baffanki."

Ta ce, "Ba ka yi mini komai ba, Baffa." Amma na san na yi, ita ma ta sani.

Ta tayar da motar ta tafi. Na tsaya a ƙofa ina sauraron injin. Shekara talatin da wannan ƙarar muke gane Yaya ya shigo layi, tun kafin mu gan shi a ɗora masa shayi. Na saurara har ta karya kwana wajen masallacin Ƙuba na daina ji, sannan na shiga gida na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Allah ya haskaka kabarinka, Yaya, ya sada mu da kai cikin rahamarsa.