Awon Rigar Sallar Mma Saratu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mma Saratu ta rasu.

Ina shara da safen nan mamata ta fito da waya a hannu, ta ce min in ajiye tsintsiya in zauna. Mma Saratu ta cika ne a gidan ƙaninta a Adidogomé, nan Lome, bayan sallar asuba.

Kun san ban saba rubutu a nan ba. Ku yi haƙuri da ni.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce mai shagon ɗinkin da ke bayan masallacin layinmu a Zongo. Wajenta aka kai ni koyon ɗinki da na gama firamare. Sati biyu na yi ban ce komai ba sai gaisuwa, shi ya sa ta sa min suna Madmazel Shiru, wato 'Yammata Shiru da Faransanci.

Kullum sai ta raba kokonta biyu. Ranar da na ƙona hijabin wata mata da dutsen guga, cewa Mma ta yi ita ta ƙona.

Tun kafin in zo an yi mata aikin sankarar mama, an cire na hagu. Da kanta ta ɗinka ɗan matashi da ragowar ƙyalle tana sakawa a wurin. Kowa ya ɗauka ciwo ya wuce.

Ana saura wata ɗaya ƙaramar Sallah ta miƙo min tef, ta ce yau ni zan auna ta, rigar Sallah za ta ɗinka wa kanta. Da na zagaya tef ɗin a ƙirjinta sai ta ɗan ja numfashi. Na ji wasu abubuwa masu tauri a ƙarƙashin yatsana, kamar ƙwayar wake, kusa da tabon aikin.

Ta ce, “Ƙurajen zafi ne, Madmazel. Zafin Lome da na gawayi. Rubuta lambarki.”

Hoda take barbaɗawa, da dare ta shafa man kaɗe. Amma ƙurajen zafi suna ƙaiƙayi, kuma suna tafiya. Waɗannan ba sa yi, sai ƙaruwa. Fatar wurin ta yi ja, ta yi kauri kamar ɓawon lemo.

Na gaya wa mamata, mamata ta yi mata faɗa irin na ƙawaye, sannan ta yarda za ta koma asibiti. Mma ba ta jin Faransanci sosai, sai ta ce ni zan raka ta in riƙa juya mata magana.

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu.

Likitan namiji ne. Ya duba, ya danna wurin, ya taɓa hammatarta da wuyanta, ya tambayi yaushe abin ya fara. Ya ce ido kaɗai ba ya isa a gane, don wasu cututtukan fata ma haka suke. Ya yi mata allurar kashe zafi, ya yanki 'yar fata ƙarama don a duba a ɗakin gwaji. Biyopsi ya kira abin. Ya kuma tura mu ɗaukar hoton ƙirji da na ƙashi.

Da ya gama ɗinke wurin, Mma ta leƙa ta ce, “Gaya masa ɗinkinsa ba laifi, amma a shagona sai ya sake.”

Na gaya masa. Ya yi dariya sosai.

Ranar da muka koma karɓar sakamako bai yi dariya ba. Ya daɗe yana magana. Ya ce ciwon nan na dā ne ya dawo ya fito a fata, kuma hoto ya nuna ya taɓa ƙashi. Ya ce magani zai rage masa gudu, ya rage zafi, amma ba zai kore shi ba.

Na ji duka. A gidanmu ba a faɗa wa babba irin wannan magana a fuska, balle yarinya kamata ta faɗa. Na sunkuyar da kai na ce, “Mma, ya ce za a ba ki magani.”

Ta kalle ni, ta kalli likita.

Ta ce, “Nafisa, mutumin nan ya yi magana kamar huɗubar Juma'a. In na ba ki yadi shida ki kai wa mai shi, biyu za ki kai? Jikina ne. Kawo min sauran.”

Ba ta taɓa kirana da sunana ba sai ranar.

Na faɗa mata. Ban rage komai ba. Ta ce alhamdulillahi, sannan ta ce in tambaye shi ko za ta iya ci gaba da taka keken ɗinki.

Tun ranar nake jin kamar ni na kawo mata ciwon da bakina.

Ta yi ta karɓar magani. Ta gama ɗinkin mutane ɗaya bayan ɗaya, wanda ba za ta iya ba ta mayar wa masu shi yadinsu. Ta je har Adakpamé ta shirya da yayarta da suka daɗe ba sa magana.

Ganina da ita na ƙarshe Juma'ar da ta wuce ne. Ta rame, amma rigar Sallar nan ce a jikinta. Na durƙusa na ce ta yafe min abin da na faɗa mata a asibiti.

Ta ce, “Ke dai Madmazel! Da kin ɓoye min, da yanzu yadin mutane na jibge a shago, yayata kuma ba ta zaune a nan. Tashi.”

Ta ɗauko tef ɗinta ta rataya min a wuya. Ta ce in gaya wa mata, duk wadda aka yi wa aiki ta ga ƙurji mai tauri ko ja a fatar wurin, kada ta tsaya hoda, ta je a duba.

To Mma, na gaya musu. Yadi shida cif.

Allah ya jiƙan ki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara, ya haskaka kabarinki, ya ba 'yan uwanki haƙuri. Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya yi mata addu'a da sunanta, Saratu. Ko ƙulhuwallahu ɗaya ce.