Faifai Uku Zuwa Ɗakin Takaba

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku, ku da kuka shigo aikin nan a bayana. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, da ƙafata na taka, da idona na gani.

Ban taɓa mantawa da ranar da faifai ya ƙi tashi a ɗakin Inna Asabe ta Dudunni ba. Shekara tara na yi ina aiki a shagon ɗaukar biki na Sanusi, ɗan ƙanena, a cikin garin Kankia. Shi ne mai shago, shi ne mai kyamara, shi ne kuma mai zama gaban kwamfuta ya haɗa hoto ya ɗora a faifai. Ni ce ta ƙarshe a matsayi, amma inda ƙafata ke shiga tasa ba ta shiga. In ana biki a gidan da namiji ba ya wuce zaure, ni nake shiga in shaida wa mata ga mai hoto nan, wadda za ta rufa ta rufa. In an gama aiki, ni nake kai faifai har tsakar ɗaki, in zauna a kunna a gabana, sannan in dawo in ce ya tashi. Ban yi boko ba, ban san baƙi ko ɗaya nasu ba. Abin da na sani shi ne ƙofar kowane gida daga Kankia zuwa Kusada, da halin masu gidan.

Ƙa'idar shagon ɗaya ce: faifai ba ya fita sai an gwada shi a na'urar kunna faifai ta shago. Sanusi ya sayi sabuwa dal, irin mai cin kowane faifai. In ya tashi a cikinta sai a sa shi a leda, a ba ni. Mu a ganinmu iyakar gaskiya ke nan.

To, a shekarar da aikin Hajji ya faɗo daidai da girbin wake, wani dattijo manomi na Dudunni, Malam Garba, ya tafi Makka bai dawo ba. Can Allah ya karɓi abinsa bayan an sauko daga Arfa, can aka rufe shi. Da alhazai suka dawo, wani abokin tafiyarsa mai ƙaramar kyamara ya aiko da faifai, ɗansa ne ya ɗora masa a kwamfuta. Ɗiyar marigayin, Hadiza, ta kawo mana shi shago, ta ce a ciro wurin da babanta ya yi magana a sa a faifai na dabam, a kai wa innarta.

Hadiza ba ta ɓoye mini dalili ba. Ta ce safiyar da zai tafi, Inna Asabe ta haɗa masa yaji da garin kunu cike da gwangwani, ya ce kaya sun yi nauyi, ya bar shi a zaure. Abin ya yi mata ciwo. Da ya zo bakin ƙofar ɗakinta neman gafara, kamar yadda kowane maniyyaci ke yi, sai ta juya baya ta ce Allah ya kiyaye hanya, iyakarta ke nan. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ya yafe mata ba. Shekara arba'in da ɗoriya na aure, a kan gwangwanin yaji suka rabu. Tun da labarin rasuwar ya zo ta shiga takaba, ba ta cin komai sai kurɓin kunu, kullum tana ƙara ramewa.

Sanusi ya yanko wurin, bai fi a tafasa ruwan shayi ba tsawonsa. Na tsaya a bayansa na gani, na ji abin da mamacin ya ce. Aka ɗora a faifan dibidi, aka gwada, ya tashi tas. Ran Litinin na hau motar Kusada, daga nan babur ya ƙarasa da ni Dudunni.

A zaure na tarar da Malam Idi, ƙanen marigayin, wanda aka damƙa wa tsaron dukiya kafin rabon gado. Mutum ne mai tsoron haƙƙin marayu har abin ya yi masa yawa. Ya rubuta komai na gidan, har turmi. Ya ce mini kallo ba na mai takaba ba ne. Na ce ba kallo na kawo ba, sallahu na kawo, ya je ya tambayi liman in mai takaba ba ta karɓar sallahun mijinta. Sai ya ce to man da ke cikin janareta na magada ne. Na ba da kuɗi aka sayo kwalba ɗaya a bakin hanya, aka zuba nawa, aka tayar.

Na shiga na yi wa Inna Asabe ta'aziyya. Tana zaune bisa tabarma, ba kwalli ba lalle, wuyanta kamar na tsuntsu. Talabijin ɗin gidan da na'urar kunna faifai suna kan kabad, an lulluɓe su da ɗankwali. Marigayin ne ya sayo na'urar da daɗewa don jin wa'azi. Hadiza ta danna, bakin ya buɗe, na sa faifai. Ya yi ƙugi, ya juya, ya juya, sai wani ɗan rubutu ya fito a kusurwa, allon ya tsaya shuɗi. Muka cire muka goge da gefen zane, muka hura masa iska, muka mayar. Shuɗi dai.

Da na ga yadda ta ƙura wa allon ido, sai na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya Asabe, ni na ga abin nan da idona, bari in faɗa miki abin da ya ce."

Ta ɗaga hannu. "Kada ki faɗa, Tasalla. Alhazai bakwai suka aiko mini da maganar nan, kowa ya ce Malam ya yafe mini. Mi za a ce wa mai takaba in ba haka ba? In ya faɗa, bakinsa yana cikin abin nan. Shi zan ji."

Na fito na roƙi Malam Idi ya ba ni na'urar in kai Kankia a duba. Ya ce allura ba ta fita gidan nan sai an raba gado, kuma babban ɗan marigayin yana Kudu, bai sa ranar zuwa ba. Na ce to in kawo tamu ta shago. Ya ce abin da ya shiga ɗakin mamaci kafin rabo, gobe wani zai rantse na mamaci ne, shi ba zai ɗauki wannan rigima ba. Na ce to Sanusi ya shiga ya duba. Ya ce namiji ba ya shiga ɗakin mai takaba, ni ma na san haka.

Sai na koma ciki. Hadiza ita ma makarantar allo kawai ta yi, ba ta karanta boko. Na sa aka yago mini takardar buhun siminti, na ɗauki gawayi a murhu, na durƙusa gaban na'urar. Duk wani zane da ke goshinta na kwaikwaya, yadda nake kwaikwayon zanen ƙwarya: mai kama da bakin gwafa, mai kama da jinjirin wata, mai kama da rabin tulu. Na zana ɗan rubutun allon shi ma. Na naɗe na ƙulle a bakin zane.

Da Sanusi ya warware takardar sai da ya yi dariya, ya ce, "Gwaggo, ashe da an sa ki makaranta da yanzu ke ce shugabar ma'aikata." Na ce da an sa ni, da ba a shagonsa zan ƙare ba. Sannan ya duba da kyau, dariyar ta tsaya. Ya ce laifinsa ne. Na'urar tsohuwar bisidi ce, ba ta san dibidi ba ko kaɗan. Ya yi mini bayani yadda zan gane: ba a zuba mata hoto yadda ya zo, sai an sake niƙa shi, an mayar da shi irin tsarin da aka gina ta a kai, an kuma ɗora a faifan sidi, mai farin baya, ba mai shuɗin baya ba. Kwamfutar ta daɗe tana wannan juyi. Ya ɗora a wani faifai mai tsada, irin wanda ake gogewa a sake amfani da shi, ya ce mai takaba ta cancanci mai kyau. Aka gwada a na'urar shago, ya tashi.

Ran Laraba na koma. Na sake sayen mai. Wannan karon na'urar ta yi kamar za ta karɓa, tana ƙyas-ƙyas kamar mai tauna tsakuwa, sannan ta yi shiru. Inna Asabe ba ta yi kuka ba. Ta ce a hankali, wataƙila Allah ne bai nufa ta ji ba, wataƙila amsar ke nan. Ta juya fuska ga bango. Hadiza ta rako ni zaure ta ce ko kunun yau ba ta taɓa ba.

A mota na yi ta tunani har Kankia. Da na shiga shago ban zauna ba. Na ce wa Sanusi, shi yana gwada faifai da idon budurwa, alhali tsohuwa za a kai wa. Na ce ni in an ba ni allura mai ƙaramar kafa ba na ganin ramin, ba don zaren ba shi da kyau ba. Ya nemo tsohuwa irin waccan ya gwada, in ba haka ba ba zan sake hawa mota da faifansa ba. Ya rufe shago ya zaga gari, ya samo irinta a wurin wani mai gyaran rediyo, ya aro. Faifan mai tsada ya ƙi tashi a cikinta, daidai kamar a Dudunni. Mai gyaran ne ya ce masa idon tsofaffin nan ba ya ganin faifan da ake gogewa, bayansa ya yi musu duhu. Ya ce a sami sidi na talakawa, mai ɗauka sau ɗaya, a ɗora a hankali a hankali ba da gudu ba, a kuma rufe shi a ƙarshe yadda ba za a ƙara masa komai ba. Haka Sanusi ya yi. Na'urar aro ta karɓa.

Ran Alhamis muka tafi tare a babur ɗinsa. Ya zauna a zaure shi da Malam Idi, ni na sa aka sayo mai na shiga, bayan azahar. Na yi bisimilla na sa faifai. Hoto ya fito, amma ba launi, kuma yana ta gudu sama kamar guga a rijiya, mutane na wucewa rabi-rabi. Na kashe murya tun kafin ta ji wani abu, na fita da sauri na faɗa wa Sanusi. Ya ce in kawo masa rimot. Malam Idi ya ce rimot ma yana cikin lissafi, amma zaure cikin gida ne, a kawo. Rubutun jikin maɓallan duk ya goge. Sanusi ya ƙirga da yatsa, ya ce layi na biyu daga ƙasa, na gefen hagu, in danna ɗaya ɗaya har hoton ya tsaya. Na riƙe wurin da babban yatsana tun daga zaure har ɗaki don kada ya ɓace mini. Dannawa ta biyu, hoton ya tsaya cak, launi ya sauko.

Na mayar da shi farko, na buɗe murya.

Ga Malam Garba zaune a bakin tanti, da harami, kansa a buɗe, ya yi baƙi ya rame. Ya gai da mutanen gida da sunayensu. Ya ce a faɗa wa Idi kada a bar waken nan a buhu, ƙwari za su cinye, a zuba a duro a toshe. Sai ya kalli gefe, ya ce, "Mai ɗakina kuma, ku ce mata ba komai tsakanina da ita. Na yafe mata duniya da lahira. Ni ma ta yafe mini, na san halina."

Inna Asabe ta matso har gwiwarta ta taɓa kabad. Ta ce, "Na yafe, Malam." Kamar yana bakin ƙofa. Sai ta ce a sake. Sau huɗu muka sake, har man da na saya ya ƙare, janareta ya mutu. A lokacin ne ta yi kuka, irin kukan da ba ta yi ba tun ranar da labari ya zo. Muka bar ta ta yi. Da ta share ido ta tambayi Hadiza ko akwai sauran tuwon jiya.

Da na fito, na isar wa Malam Idi sallahun wake. Ya sunkuyar da kai, ya ce gobe in za a sake kunna mata, a zuba mai daga aljihunsa.

Abin da na koya a aikin nan ke nan, ku riƙe. Faifai bai gamu ba don ya tashi a shago, sai ya tashi a ɗakin mai shi. Kafin ku ɗora komai, ku tambaya wace irin na'ura ce a gidan, in ba su sani ba ku aika a dubo. Daga wannan mako Sanusi ya saye tsohuwar na'urar nan daga hannun mai gyara, ya aje ta kusa da sabuwa, kowane faifai sai ya bi ta cikin biyun.

Inna Asabe ta fita takaba da ƙafarta, ta ƙara shekara shida a duniya, ta rasu a ɗakin Hadiza a Mawashi. Hadiza tana nan, ta aurar da 'ya'ya uku. Malam Idi ya raba gadon nan ba wanda ya kai ƙara, daga baya shi ma ya sauke farali ya dawo lafiya. Sanusi, da faifai ya daina tafiya, ya koma tura hoton biki ta waya, shagon yana nan inda kuka san shi. Ni kuwa gwiwa ta hana ni hawa babur, sai na aje aiki, na zauna gida ina renon jikoki.

Iyakar abin da na gani ke nan. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.