Mushe Isuhu, mai akwatin awon batir

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mushe Isuhu, wato Malam Isuhu, ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni. Ina wanke hannu a bakin randa waya ta yi ƙara, na ga lambar Tanti Zara ce, matarsa. Na ɗauka da fara'ata, har na fara gaishe ta. Sai ta ce, "Rabi, malaminku ya cika." Nan take wani ya karɓi wayar daga hannunta.

Har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Waɗanda muka yi lise, wato sakandare, tare a Dogon Dutsi kun san shi. Waɗanda ba ku san shi ba, shi ne ya koya mana kimiyyar fizik. Dogo ne siriri, aljihun rigarsa kullum cike da guntayen wayoyi, yana hawan wata tsohuwar moto, wato babur, da sai an tura take tashi. Mu ne masu turawa, kuma ba mu taɓa jin haushi ba.

Ranar Laraba da marece babu aji, amma shi ba ya tafiya gida. Yakan tara duk mai so a ƙarƙashin rumfa, ya fito da wani ɗan allo shuɗi wanda bai kai tafin hannu ba. Mikro yake ce masa. Ya ce mana ƙaramar kwamfuta ce, ba ta da wayon komai, abin da ka rubuta mata kawai take yi.

Darasin farko da ya yi mana da shi, awon ƙarfin batir ne. Ya ciro batir ɗin motonsa ya ajiye a kan tebur. Ya ce batir ɗin nan bolt goma sha biyu ne, shi kuwa mikro ba ya jure abin da ya wuce biyar. Don haka sai an sa ƴan rezistans guda biyu a tsakani su raba wutar, kaɗan ta shiga mikro, shi kuma ya yi lissafi ya faɗi ƙarfin batir ɗin gaba ɗaya. Ya maimaita mana wannan har muka gaji.

Yana cikin bayani, hankalinsa na kanmu, sai ya ɗauki jar waya ya haɗa kai tsaye, ya manta rezistans ɗin a kan tebur.

Hayaƙi ya tashi, warin ƙonewa ya cika rumfar.

Duk muka zuba masa ido. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ɗago ya ce, "To, kun gani ko? Abin da nika hwaɗa muku ke nan." Ya riga kowa fashewa da dariya. Daga baya muka ji cewa mikro ɗin nan shi kaɗai ne gare shi, kuma sai da ya jira wani abokinsa ya aiko masa da wani daga Yamai.

A hankali ƴan matan suka daina zuwa, na rage ni kaɗai cikin maza. Babana ya fara faɗa, wai ina dawowa gida kusan magariba. Ban gaya wa Mushe ba, amma ya ji. Wata Juma'a bayan masallaci sai ga shi a ƙofar gidanmu. Ya zauna da Baba a kan tabarma, ya gyara masa rediyonsa da ta daɗe ba ta magana, suka sha hira. Ban san abin da suka tattauna ba. Tun daga ranar Baba da kansa yake tuna mini cewa yau Laraba ce.

Da hutu ya zo, ya ba ni mitarsa ta awon wuta in tafi da ita gida. Na auna duk batir ɗin da ke unguwarmu, har na tocilan maƙwabta.

Ya so in karanci lantarki. Ni kuma na zaɓi aikin jinya. Da na gaya masa na zaci zai yi fushi. Ya ce, "Allah shi sa albarka, ɗiyata. Ko ina aka tahi, mutane aka yi ma aiki."

Bayan na gama aka turo ni wata ƙaramar likita, wato asibiti, a ƙauye, gaba da Dumega. Babu kuran, wato wutar lantarki, a garin. Firigon da muke ajiye allurar rigakafin yara da sola yake aiki, fano mai zuƙar hasken rana a kan rufi, batir biyu a ƙasa. Ɗan ekran ɗin, wato gilashin da ya kamata ya nuna ƙarfin batir, ya mutu tun kafin in zo. Idan ka ji firigo yana gurnani, ka ce lafiya. Iyakar saninmu ke nan.

Daminar farko da na yi a nan, aka yi kwanaki hadari bai bar rana ta fito ba. Firigo ya mutu cikin hutun ƙarshen mako, ba wanda ya sani. Ranar rigakafi na buɗe shi na ji ɗumi. Alamar da ke jikin kwalaben duk ta sauya launi, ba ko ɗaya da za a iya yi wa yaro.

Mata sun cika rumfa, wasu tun daga rugage suka taho a ƙasa da goyo. Ni ce na fita na ce musu su yi haƙuri su koma.

Akwai wata Bafulatana, Fanta, da ɗanta namiji mai ƙiba, yana ta jan ɗan kunnenta. Ta ce mini za su tashi da shanu, ba ta san ko za ta samu dawowa ba. Ba ta dawo ba. Da rani na ji cewa ƙyanda ta shiga rugarsu, yaron yana cikin waɗanda suka tafi.

Ko allurar za ta tsare shi, Allah kaɗai ya sani. Amma na daɗe ina ganin fuskar yaron nan.

Ranar da na ji labarin, Mushe na kira. Ban ma san dalili ba. Ina magana ina kuka. Ya bar ni har na gama, sannan ya ce, "Rabi, nawa batir ɗin ka nunawa yanzu?" Na ce ban sani ba, babu abin dubawa. Ya ce, "To, ina nan tahe."

Asabar da hantsi sai ga tsohuwar moton nan, shi da ita duk sun yi fari da ƙura. Ya ɗauro kwali a baya. Ko ruwa bai gama sha ba ya durƙusa gaban batiran.

A cikin robar sabulu ya haɗa abin. Mikro, rezistans biyu, ɗan ekran mai nuna lamba, ƙananan fitilu uku, kore da rawaya da ja, da wani ɗan abu mai ƙara. Ya jona shi a batir, ya jona mitarsa a gefe, ya ga lambobin ba su zo ɗaya ba. Ya buɗe kwamfutarsa ya gyara lissafin, ya sake gwadawa, ya sake gyarawa. Na ce, "Mushe, ai bambancin kaɗan ne." Ya ce, "Kaɗan ɗin nan shi ne tsakanin rawaya da ja. Bari dai."

Ya wuni zaune a kan benci yana kallon lambar. Da rana lambar ta haura goma sha uku. Da la'asar ta fara sauka da sauri fiye da yadda ya zata. Ya tashi ya bi wayoyin da hannu har bayan kabad, sai ga salula kusan ta rabin gari a jone suna caji. Kowa ya saba kawo tasa, mu ma ma'aikata har da namu.

Majo, shugaban likitarmu, ya ce daga yau an hana caji kwata-kwata.

Mushe ya ce, "Majo, in ka hana, a ɓoye za a yi. Mutanen ga ba su da wani wurin. A bari su gani da idonsu." Ya ƙara wa fitilun waya, ya kafa su a jikin taga suna kallon waje. Ya tara waɗanda ke wurin ya ce musu, in kore ne kowa ya sa wayarsa. In ya koma rawaya kowa ya cire, sauran wutar ta maganin yara ce. In ya yi ja yana ƙara, a nemo Rabi ko Majo duk inda suke.

Ban zaci za a bi ba, amma aka bi. Har yau in rawaya ta kama, tsofaffin matan da ke zama a rumfa su ne ke fara ɗaga murya, "A cire, a cire!" Ba wanda ya isa ya yi musu gardama.

Daminar da ta biyo baya aka sake yin irin wancan hadarin. Ina kasuwa wata mata ta zo da gudu, ta ce abin yana kuka, ja ne. Muka kwashe alluran muka zuba a akwatin sanyi, Majo ya ɗaura a moto ya kai Dumega. Ko kwalba ɗaya ba ta lalace ba. Na kira Mushe na gaya masa. Bai ce komai a kan kansa ba, tambayata ya yi lamba nawa ekran ya nuna lokacin da ya fara ƙara.

Bai taɓa yarda an ba shi ko kuɗin mai ba. Abin da kawai ya karɓa a garin nan, ƙwaryar fura da nono ce.

Ganina da shi na ƙarshe, gab da girbin gero ne. Na ji ciwon ƙodarsa ya tashi, na je Dogon Dutsi gaishe shi. Na iske shi a zaure a kan tabarma, ya jingina da filo, wayoyi da kayan aiki baje a gabansa. Ya rame sosai. Idona ya sauka a kan ƙafafunsa, na ga yadda suka kumbura.

Ya lura. Ya ja zane ya rufe su, ya ce, "Kar ki dube ni da idon likita. Yau ɗalibata ce ta zo."

Sabon akwati yake haɗawa. Wannan in batir ya yi ƙasa zai aiko mini da saƙo a waya, ko ina nake. Ya ce abin da ke damunsa shi ne ranar da ba kowa a kusa da zai ji ƙarar. Saura ƴan wayoyi a liƙa da dalma, amma hannunsa na rawa, ƙarfen liƙin ba ya tsayawa inda yake so. Ya gwada, ya sake gwadawa, sai ya miƙo mini ba tare da ya kalle ni ba.

Ni na liƙa, shi yana nuna mini wuri da tsinke. Tanti Zara ta kawo mana kunu, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa, ta juya da sauri ta koma ciki.

Muka gwada da batir ɗin motonsa. Lamba ta fito daidai da ta mita, amma saƙon ya ƙi zuwa. Ya ce matsalar a rubutun da ya yi wa mikro take, zai duba in ya ɗan ji ƙarfi. "In an gama girbi zan zo da kaina in kahwa muku shi. Ki ce ma Majo shi tanadi hura."

Na ce to, Mushe. Na san ba zai zo ba, ina jin shi ma ya sani. Na durƙusa na yi masa sallama, ya ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Ki gaida Baba."

Akwatin yana can zaurensa, bai ƙarasa ba.

Ban samu jana'izarsa ba. Yau ranar rigakafi ce, Majo ya yi tafiya, ni kaɗai ce a likita, kuma mata sun riga sun cika rumfa. Na shiga ɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na buɗe firigo. Da sanyinsa. Na yi wa yara allura ɗaya bayan ɗaya, lokacin da ake sallatarsa a Dogon Dutsi.

Wata tsohuwa da ta rako jikarta ta ga idona, ta ce, "Malama, mi ya hwaru?" Na ce mutumin da ya sa mana fitilun nan na taga ne ya rasu. Ba ta san sunansa ba, yawancinsu ba su taɓa ganinsa ba. Ta juya ta gaya wa sauran da Hausa, wata ta maimaita da Fulatanci. Sai na ga rumfar gaba ɗaya, mata da goyo a baya sun ɗaga hannu suna yi masa addu'a.

Yanzu ina bakin hanya ina jiran motar Dogon Dutsi. Ban san abin da zan ce wa Tanti Zara ba.

Ya Allah, ga bawanka Isuhu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka haskaka kabarinsa. Ciwon da ya sha ka sa ya zama kankarar zunubi. Abin da ya koyar da wanda ya gyara, ka sa su bi shi da lada. Ka ba Tanti Zara da yaransa haƙuri, ka tsaya musu.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. Ƴan ajinmu, ku isar wa waɗanda ba su ji ba.

Allah ya jiƙanka, Mushe.