Takardar da Fada bai ɗora a kan wuta ba

Edita, ina gaishe ka da masu karatu. A shekarun da zan ba da labarinsu ni magidanci ne a unguwar Ali Kazaure, na sauke Alƙur'ani, kuma Allah ya ba ni hannu a rubutun ajami, har tsofaffi kan zo in rubuta musu wasiƙa. Ina da teburin littattafai da turare a kasuwar Terminus. Da kasuwa ta ƙone, alƙalami kaɗai ya rage mini. Ban faɗi haka don in wanke kaina ba.

Ina cikin wannan hali wani mai duba a Tudun Wada ya neme ni. Sana'arsa, wai, karɓo saƙo daga matattu. Zai miƙa wa mutum farar takarda ya jujjuya ya ga babu komai, sannan ya riƙe ta a saman kaskon turare yana surkulle, sai baƙaƙe su riƙa fitowa a hankali, jaja-jaja, kamar ana tashinsu daga barci. Yakan ce rauhanai ajami kaɗai suke rubutawa. Ni ne rauhanin. Da hantsi nakan matse lemun tsami a ƙoƙo, in fiƙe sabon alƙalami, in rubuta abin da ya faɗa mini, in bari ya bushe ya ɓace, zafin wuta ne ke fito da shi. Na daɗe ina lallashin zuciyata cewa ta'aziyya kawai nake rubutawa.

Sai aka kawo masa wata dattijuwa Kirista mai sayar da dankali, wadda ɗanta ya nutse a wani tafkin da masu haƙar kuza suka bari. Na san tafkin. Ruwansa kore ne, ba ya motsi, gajimare na wucewa a cikinsa kamar a wata duniya. Mai duban ya fahimci dangi suna zargin wata tsohuwa maƙwabciyarsu, mai zaman kaɗaici da awakinta, da maita. Ya ce in rubuta sunanta. Na ce masa wannan fa rai ne. Ya yi dariya, ya kira ni alaramma, ya tambaye ni tun yaushe alƙalami ya fara tambayar hannu inda za shi. Na rubuta.

Ranar da za a buɗe saƙon ana yayyafi tun safe, gajimare ya sauko ya zauna a kan duwatsu, har yau idan na tuna sai in ga kamar a mafarki na tsaya a tsakar gidan nan. Mutane sun cika, samari sun jingina sandunansu da bango suna jiran suna. Sai ga wani tsohon Fada, limamin coci, ya shigo da farar rigarsa, laima a hannu. Ɗan ƙasar nan ne, duk unguwa an san shi. An ce da ƙuruciyarsa ya bi 'yan dabo kasuwa-kasuwa kafin ya shiga aikin coci, kuma bai yar da dabon ba, sai ya mai da shi makami: duk inda ya ji ana cutar mutane da sunan matattu yakan je ya yi irin abin a bainar jama'a, ya nuna yadda ake yi. Dattijuwar nan 'yar cocinsa ce.

Ya gaida mai duban da ranka ya daɗe, ya roƙi a bar tsoho ya ɗan ji ɗumin kasko. Ya nemi ganin takardar, ya sunsuna ta, ya ce da alama rauhanan nan mura ke damunsu, sun sha lemun tsami da yawa. Ya kai hannu bayan kunnen mai duban ya ciro lemo guda, sai dariya ta ɓarke. Ya yanka, ya tsoma tsinke, ya yi rubutu a wata takarda, ya fifita ta bushe, ya kanga a wuta, sai ga "sannunku da sanyi" ta fito da boko. Samari suka ce to Fada ya ɗora ta mai duban ma a wuta su gani. Ya ƙi. Ya kira su 'ya'yana, ya ce suna idan ya shiga ido ba ya fita, ko da ƙarya ce ta rubuta shi. Ya tsoma takardata a bahon ruwan sama, ya murje ta har ta zama kamar kamu. Sannan ya zauna kusa da uwar, ya ce mata Mama, ɗanki yana hannun Allah, ba ya cikin kasko.

Da zai fita ya tsaya a gabana, ya dubi yatsuna masu tabon tawada, ya ce Malam, ka gaida gida. Iyakar abin da ya ce ke nan, bai taɓa tona ni ba har ya rasu. Mai duban kuwa kafin mako ya bar gari.

Tsohuwar nan mai awaki ta rayu shekaru bayan haka, ba ta san abin da ya tsallake ta ba. Nakan bi ta ƙofarta in gaishe ta, ta sa mini albarka, in ce gobe zan faɗa mata. Ina ta gobe har aka ce ta rasu. Na tuba ga Allah, amma haƙƙin mutum sai mai shi.

'Yan'uwa, wanda ya shiga kabari ba ya aiko wasiƙa. Duk wadda kuka gani, mai rai ne ya rubuta ta, kuma da wata manufa. Ku da Allah ya ba ilimi, kada ku ara wa kowa shi ya yi ƙarya. Wanda kuma yake da gafarar da zai nema, ya tashi yau, tun mai yafewa yana iya amsa sallama.